Me kika ce masa?

Asabar, bayan isha'i.

Wuta ta zo da asuba, ta tafi kafin in gama gugar kayan Islamiyyar su Ummi. Masa na aika aka sayo a bakin layi, miyar ta ɗan yi tsami amma yara ba su bar ko ɗaya ba. Abban Ummi ya bar min mota ya hau Keke zuwa ɗaurin aure a Yelwa, yana ta ja min kunne a kan tayar baya. Ranar dai ta fara da daɗi, har waƙa na yi a kicin.

Ga maganar Auta, ƙanena. Tun da ya dawo daga makaranta ba lokacin hutu ba, ya shige ɗakin zaure ya turo ƙofa, sai salla da banɗaki ke fito da shi. An yi masa duk abin da aka saba yi. Kawu ya zo ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Yaya Babba ya bugo waya daga Kaduna ya ɗora nasa. Malam ya aiko da rubutu. Gwaggo kuwa cewa ta yi a nema masa mata kawai a huta. Shekaranjiya Hajiya, mahaifiyarmu, ta kira ni ta ce, "Ke 'yar nan, ba karatun ba da shawara kike yi ba? To ga aiki nan a cikin gida." Na ce mata a ƙa'idar aikin ba a zaunar da ɗan'uwa na jini, wani daban ake nema masa. Ta ce, "To ki zo a matsayin yayarsa." Nan ta ƙure ni.

Ban shiga ɗakin ba. Daga bakin ƙofa na ce, "Auta, zo ka raka ni Gubi, tayata ba ta da kyau, ba na son ta ajiye ni a hanya ni kaɗai." Ba ƙarya na yi ba. Ya daɗe kafin ya fito, da hula a karkace da silifas ɗin wanka. Ya rame, wuyansa duk ya fito. Muka yi la'asar muka kama hanyar Ningi, rediyo a kashe.

Dam ɗin Gubi ya cika fal, ƙarshen damina ke nan. Ruwan da muke zaman jira a famfo ga shi nan shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Muka ajiye mota muka bi wata 'yar hanyar ƙafa ta gefen gonaki. Dawa ta fitar da kai, gero an fara yanka, belbelu na bin shanun wani Bafulatani. Auta ya karyo wani busasshen kara yana ɓare shi da farce, yana zubar da ɓawon a hanya. In ya gama da wannan sai ya karyo wani. Mun yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan.

Wallahi bakina cike yake da magana. Komai ya yi zafi maganinsa Allah. Bayan wuya sai daɗi. Dubi wasu ko damar shiga makarantar ba su samu ba. Ka tausaya wa Hajiya. Kowacce gaskiya ce, kuma kowacce an riga an faɗa masa ita, wasu da tsawa, wasu da kuka. Na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da malaminmu ya shafe zangon nan yana cusa mana ke nan, tsarin Carl Rogers, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam da ya rayu daga 1902 zuwa 1987. A zamaninsa masani ne ke zama a kujera ya binciko ciwon mutum ya yanke masa abin yi. Rogers ya ce mai damuwar ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo, kuma in ya sami wurin da ba a tuhumarsa, shi da kansa zai lalubo hanya. A 1957 ya jera sharuɗɗa shida, uku daga ciki a wuyan mai sauraro suke. Ka ji abin yadda mai shi yake jin sa, ba yadda kai za ka ji ba. Ka karɓi mutumin da mutuncinsa ba tare da gindaya masa sharaɗin sai ya gyaru ba. Sannan kada ka yi fuska biyu, abin da ke ranka ya zama shi ne a fuskarka. A aji na rubuta su a layi uku na ce ai wannan mai sauƙi ne. Yau a gefen gonar dawa na san ba haka ba ne, don na biyun nan sai da na yi ta kokawa da shi. Wani sashe na zuciyata so yake ya kama kafaɗar yaron ya girgiza shi.

A gindin wata ɗorawa ya tsaya. Bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ya ce, "Yaya, kowa tambayata yake yaushe zan koma. Ba wanda ya tambaye ni me ya dawo da ni."

Na ce, "Ka gaji da tambayar yaushe."

Ya ce, "Na gaji."

Shiru ya sake biyowa, har wani masunci ya tura kwalekwalensa ya yi nisa. Ban ce "to me ya dawo da kai" ba, ko da yake shi da kansa ya buɗe min ƙofar. Na bari. Da muka ci gaba da tafiya sai ya fara, guntu-guntu, yana yi yana tsayawa, wani lokaci ya koma baya ya gyara abin da ya faɗa. Nawa bai wuce in maimaita masa abin da na ji ba, in na kauce ya ce, "A'a, ba haka nake nufi ba," ya sake faɗa da kyau. Na lura duk sanda ya gyara ni, maganarsa ƙara fitowa take yi. Waccan maganar tasa ta farko a gindin ɗorawa ya yarda in rubuta ta. Sauran kuwa ba za ku gan shi a nan ba, kada ma wata ta biyo ni ta waya.

Abu biyu na yi da ba sauraro ba ne. Na tambaye shi barci da abinci, kuma na tambaye shi kai tsaye ko tunanin cutar da kansa na zuwar masa. An koya mana cewa tambayar ba ta dasa tunanin a ran mutum, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Na kuma gaya masa tun kafin ya amsa cewa in da haɗari ga ransa ba zan rufe ba, sai mun je asibiti. Ya amsa, hankalina ya kwanta daidai gwargwado. Na ce akwai wanda na sani mai wannan aikin, ba dangi ba, in yana so. Ya ce zai yi tunani.

A hanyar komawa mota ina ta tunanin me ya sa a nan ya yi magana. Masana suna da nasu bayanin. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiya sun riga fita da kusan kwana ɗaya, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. A Japan tun 1982 hukumar gandun dajinsu take kiran mutane su riƙa shiga daji suna tafiya don lafiyarsu. Ban musa ba, ni ma kafaɗuna sun sauka da na shaƙi iskar wurin. Amma a ganina, a wurinmu akwai abin da ya fi bishiya aiki. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya haɗa ido da babba, in ka zaunar da shi a gabanka, kujera na kallon kujera, ya san an kira shi shari'a ne, sai ya sunkuyar da kai ya yi ta "to, to, na ji, zan gyara." A tafiya kuwa kafaɗa da kafaɗa muke, ido na kan hanya, hannu ya sami kara, shiru ba ya zama laifi. Ga shi gidanmu in ka yi tari a zaure sai an ce maka sannu daga madafi.

Ana kiran magariba muka shigo. Auta ya gaida Hajiya, ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Ta bi shi da kallo har ya fita. Da ta idar da salla, tana kan darduma da carbi, ta ce, "To?"

Na ce, "Mun je mun dawo lafiya."

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me kika ce masa?"

"Ban ce masa komai ba, Hajiya. Saurarensa na yi."

Ta ajiye carbin. "Kin ƙona mai har Gubi, ki je ki yi shiru ki dawo? Shirun ai akwai shi a gidan nan, shi muke ci shi muke sha. Ba ki nuna masa kuskurensa ba? Ba ki ce ya koma makaranta ba?"

Na ce an gaya masa hakan, ba sau ɗaya ba, kuma ba ta fito da shi daga ɗaki ba. Sai na ɗauko mata misalin da Rogers ya bayar na dankalin da suke ajiyewa a ɗakin ƙasa lokacin sanyi yana yaro, yadda yake fitar da tsiro fari siriri yana miƙewa wajen 'yar tagar da haske ke shigowa, ba wanda ya nuna masa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nawa ne dankali?" Ummi da ke gefe ta fashe da dariya, ni ma na yi, ita ma Hajiya sai da ta rufe baki da gefen mayafi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce, "To shi me ya ce?"

Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, amana ya ba ni. Ba abin da zai taɓa ransa ba ne, da shi ne da na faɗa miki tun a bakin ƙofa. Shi zai gaya miki da bakinsa in ya shirya."

Ta yi shiru. Sai ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wata tara na ɗauke shi. Shekara biyu yana bayana. Yau ni ce baƙuwa a maganarsa."

Wannan ce ta hana ni sukuni har yanzu. Da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta kira, tsakanina da ita kunya ce tun ina ƙarama, na saba. Amma Auta shalelenta ne. Har ya shiga sakandare a ɗakinta yake cin abinci, in ya dawo makaranta ita yake fara ba labarin wanda ya zage shi da wanda ya ci masa biredi. Yanzu ta kai masa tuwo bakin ƙofa ta dawo da kwanon yadda ta kai shi, sannan ta ji wai ya buɗe baki a gindin ɗorawa ga wata. Ko da kuwa 'yarta ce.

Littattafan da muke karantawa mutum ɗaya suke gani a ɗaki da mai saurarensa, kamar daga sama ya faɗo, ba uwa ba kawu. Mu kuwa damuwar mutum ɗaya ta gida ce gaba ɗaya, kuma gidan ne zai ci gaba da riƙe shi bayan an tashi daga zaman. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya ga haka tun 1954 a Aro kusa da Abekuta, inda ya riƙa sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa a tare da shi, maimakon a kulle su a ware. Auta ba ya cikin irin wannan halin, Allah ya tsare, amma hujjar Hajiya tana da gindi. Duk da haka ban ga yadda zan kwashe abin da ya ba ni in juye mata ba. In na yi, gobe Kawu ya ji, jibi Gwaggo ta ji, a kira taro a falo, ƙofar zaure ta sake rufuwa, wannan karon har da sakata. Ban canza ra'ayi ba. Zafin maganarta ne dai bai sake ni ba.

Abin da ya fi ci min rai, na yi wa Auta duk sharuɗɗan nan uku yamma guda cur, ita kuwa da ta faɗi tata damuwar ba wanda ya zauna ya ji ta. Kowa a gidan nan nasiha yake mata ita ma: ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a, yaro ne zai wuce. Tun rasuwar Baba ban san ranar da wani ya tambaye ta yadda take kwana ba. Hajiya ba za ta bi ni Gubi ba, gwiwarta ma ba za ta bari ba, kuma za ta ce yawon me. Amma akwai gonarta ta hanyar Dass da take ta cewa tana son ta je ta ga gyaɗar kafin a cire. Wataƙila in kai ta. Ko za ta yi magana da 'yar fari, wannan kuma Allah masani.

Da zan tafi ta sa an zuba wa yara dambu a kwano, ba ta ce min sai da safe ba.

Tayar dai ta kawo mu gida. Takalmina ne laka ta cinye, sabo fil, na Kasuwar Wunti. Aikin da malam ya ba mu ranar Litinin za a karɓa, ko layi ɗaya ban rubuta ba, ga cajin kwamfuta saura kaɗan. Auta ya turo saƙo ɗazu wai Asabar mai zuwa tayar za ta sake lalacewa ne? Na nuna wa Abban Ummi, ya ce ta lalace mana, amma kuɗin mai daga jakata.