Kashi 54

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makulli. Shekara 11 na yi ina tuƙi a gidan nan da kamfaninsa, wata 16 na ƙarshe ne kawai na yi da motar lantarki, amma in ka tambayi ƴan gareji yau da ita za su tuna ni: direban da ya tsayar da Hajiya Babba a daji. Ba komai. Ni ma da ita nake tuna kaina.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san yadda ta zo. Tun da aka ce tallafin mai ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600, Alhaji, maigidanmu, ya shiga lissafi. Farkon 2024 sai ga mota an sauke daga bayan tirela, ƴar China, fara tas, ba salansa. Direbobi huɗu aka yi wa tayi. Ɗaya ya ce shi ba zai tuƙa wayar hannu mai taya ba. Ni na karɓa, kuma ba zan ɓoye ba, da rawar jiki na karɓa.

A cikin gari ba ta da ta biyu. Cunkoson Ƙofar Ƙaura a Katsina da ke ƙona wa kowa mai, ita ko a jikinta, don in ta tsaya ba abin da take ci sai na esi, in kuma ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta riƙe kanta ta mayar da ɗan wani abu cikin batir. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba jeren gidan mai, ba ciniki da ƴan bumburutu. Abin da na koya da wuri shi ne oda, don akuya ba ta jin zuwanta, yaran unguwa ma haka. Na sayi littafi mai layi na fara rubuta komai: yunit nawa mita ta ci, kilomita nawa na yi, da esi ko babu, mutum nawa a ciki. Ba wanda ya sa ni. Abin da littafin ya nuna mini shi ne kowace kilomita 100 tana cin wajen yunit 19 zuwa 20 a mita, in ka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji. Ko da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, abin bai wuce naira 4,000 da ɗoriya ba. Tsohuwar motar da na bari tana shan lita 10 a wannan tafiya, ga shi kafin shekarar ta ƙare lita ta tsallake 1,000. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai na karanta masa wannan lissafi, har aka fara kirana Malam Yunit. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai an san wanda ruwan kan doka.

Mutum ɗaya ne lissafin bai taɓa burgewa ba, manajanmu. Ta hannunsa kuɗin mai da na dizal da na bakanike ke bi, kuma motata ba ta kawo masa rasit ko ɗaya. Ban ce komai ba, Allah ne ya san zuciyar kowa. Na dai lura duk ranar da na buɗe littafin a gaban Alhaji, washegari sai an tura ni aiken da ba nawa ba.

A ƙarshen Oktoban 2024 wuta ta ɗauke a Arewa sama da mako guda, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Kowa ya tuna: ƙanƙara ta zama zinariya, masu cajin waya suka yi kasuwa. Mu kuma sai janareta, ita ma daga tara zuwa huɗu saboda kwamfutocin ofis. A makon ne na gane ɗaya gefen lissafina da ban cika karanta wa mutane ba. Litar dizal ba ta ba ka fiye da yunit uku da ɗan wani abu, wato kilomita 100 ɗin nan sai ta lashe lita shida zuwa bakwai. In janareta ke ciyar da motar lantarki, motar dizal kake tuƙawa, ka dai bi da man ta doguwar hanya ne.

Ranar Asabar akwai wunin biki a Daura, kuma Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji, ba ta shiga wata mota sai wannan, don ta ce ita kaɗai ce ba ta tayar mata da zuciya. Tun Alhamis na tare manaja a baranda.

"Yallaɓai, batir na kashi 30. Ina buƙatar a bar mini janareta awa biyar gobe da dare."

"Za a duba," ya ce, yana danna waya.

Awa biyu aka duba. Da na iso da asuba allon gaban sitiyari na nuna kashi 54, kilomita 215. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ce, zuwa da dawowa 160. A ido akwai rara. Amma ni na san abin da ke cikin littafina: lambar nan ba ta taɓa cika alkawari a babbar hanya ba, sai ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu nata kafin ka fara magana, balle da esi da mutum biyar da kuloli a but. Motar mai gudun hanya take so, ita wannan gudu ne ke cinye ta. Na je na faɗa masa. Ya leƙa allon, ya dube ni, ya ce, "Kai ka fi kwamfutar motar iya lissafi? Ba kai ke cika mana baki da ita ba?" Ƴan gareji suka yi dariya. Daidai nan Hajiya ta fito da jikokinta uku.

A nan ne ya kamata in durƙusa in ce, Hajiya a yi haƙuri, yau sai dai wata motar. Kalma nawa ce? Na buɗe mata ƙofa na ce Allah ya kiyaye hanya.

Mun makara, don haka na taka. Muna shiga Daura saura kashi 22. Na lallaɓa bayan gidan bikin inda janaretarsu ke ruri, na roƙi soket, na jona ƙaramar cajar da ke but. Ta yi ta ƙyafta jar wuta, ta ƙi karɓa. A lokacin ban san dalili ba, sai daga baya na gane janaretar ba ta da wayar ƙasa, caja kuma ba ta yarda ta saki wuta in ba ta ji ƙasa ba. Daura ma duhu take kamar mu, ba inda zan nufa. Ina tsaye ina zufa aka aiko in kai wasu baƙi gaisuwa wata unguwa, na ce to. Yaran suka ce sai sun ga rijiyar Kusugu, na ce to. Hajiya ta gaji da hayaniya ta dawo mota ta zauna a kunna mata sanyi, na kunna. Motocin dangi sun fi goma a ƙofar gidan nan, kowacce da gurbin mutum ɗaya ko biyu. Da na buɗe baki, da an raba su cikin minti biyar, ni in kwana da motata. Kunya ta hana. Na ce a raina in na bi a hankali Allah zai rufa asiri.

Mun taso gab da magariba da kashi 16. Na kashe esi na ce iskar yamma ta fi lafiya, na riƙe 60, a-kori-kura na wuce mu suna oda. Mun baro Shargalle da nisa sai hoton kunkuru, alamar batir ya kusa ƙarewa, ya fito a allo, motar ta fara ja da ƙyar, na samu na gangara gefen titi. Shiru. Dama ba ta da ƙara, amma wannan shirun daban ne. Abin da ya rage mana zuwa gida bai kai kilomita 30 ba.

Hanyar Daura da sauƙi in ka kwatanta da ta Jibiya ko Batsari, amma ba ɗan Katsinan da ke son dare ya same shi a gefen titi da tsohuwa da ƴan mata. Mutanen kirki sun tsaya. Wani mai Golf har ya ciro galan daga but, na ce masa ba ta shan mai, ya tsaya yana kallona kamar na zage shi. Shekara 20 ina tuƙi, duk inda mota ta mutu mini akwai abin yi: galan, turi, bakanike a ƙauye na gaba. Ranar na tsaya hannu rabbana.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke gilashi ta ce, "Ɗan nan, tun a Daura ka sani?"

"Na sani, Hajiya."

"To mi ya hana ka faɗi?"

Har yau ban ba ta amsa ba. Wani ɗan'uwansu da ya taso bayanmu ya kwashe su wajen tara na dare.

Da a nan abin ya tsaya, da tsautsayi ne. Na kira manaja na ce a turo janwe mai ɗaukar mota a baya, don takardar motar ta hana a ja ta da tayu a ƙasa. Injinta a haɗe yake da tayu, in suna juyawa wuta yake haifarwa, ba kuma inda za ta. Ya ce wa zai biya janwe da daren nan, ga a-kori-kurar kamfani nan tafe da igiya. Na ce, "Yallaɓai, akwai matsala fa." Ya ce, "Matsalar ai kai ce." Na ɗaura igiyar da hannuna, na zauna na riƙe sitiyari har Katsina. Da wuta ta dawo aka yi caji, allo ya cika da jan rubutu, mota ta ƙi motsi. Bakanikenmu na shekara da shekaru ya buɗe gaba, ya ga wayoyi ruwan lemo masu kauri, ya rufe ya ce shi yana da iyali. Sai daga Abuja aka kawo mai gyara, ya ce wani akwati da ke sarrafa wutar injin ya ƙone. Mako bakwai ana jiran kayan daga China.

Ranar Litinin a ofishin Alhaji manaja ya ce shi ba wanda ya gaya masa batir bai isa ba, igiya kuma shawarar direba ce, ai shi ne masanin motar. Ya faɗa a natse, har da girgiza kai na tausayi. Alhaji ya juyo ya ce, "Ka rubuta masa?" Ni da ke rubuta kowane yunit, har da ranar da aka ƙara wa taya iska, ban rubuta wannan ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, da baki na faɗa." Ƴan garejin da suka yi dariya ranar Asabar duk suka zama kurame. Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke rabin albashina wata huɗu. Rabon laifina na ɗauka, kuma ya fi abin da aka yanke nauyi. Na wani ne da aka ɗora mini a kai har yanzu yake tsaya mini a wuya.

Na ci gaba da tuƙa ta wata bakwai bayan an gyara, ba ta sake mutuwa a hannuna ba ko sau ɗaya. Ga wanda zai gaje ni, ko duk wanda maigidansa ya sayo irinta: ba a fafe gora ranar tafiya, tafiyar gobe a daren yau ake yanke ta, don haka kada ka tafi gida sai ka ga caja ta kama da idonka. Duk abin da ka gaya wa na sama da kai, bi shi da saƙon waya, ko da layi ɗaya ne, ko da zai ɓata rai. Tayunta na saurin cinyewa saboda nauyin batir, ka sa a lissafi. Kada ka yi cajinta da tsakar rana a watan Afrilu in akwai inuwa ko dare. Akwai ƙaramin batir irin na kowace mota a cikinta, in ya mutu ko ƙofa ba za ta buɗe da rimot ba. In gidan ba sola kuma ba tsayayyar wuta, ka gaya wa mai ita gaskiya tun kafin ya biya kuɗi, ko da shi ba ya son ji.

Solar ma an sa daga baya, faranti cike da rufin gareji. A taron ƙarshen shekara aka yaba wa manaja bisa hangen nesa. Shafi na 31 a littafina, da kwanan wata, akwai lissafin faranti nawa za su isa, wanda na kai masa tun watan Yuni ya ce in bar shirme.

Littafin yana wurina, da kuɗina na saye shi. Shekaranjiya da dare yaron da aka ba motar ya kira ni, muryarsa na rawa, wai caja na ƙyafta ja kuma gobe da sassafe zai kai Alhaji filin jirgi. Na tambaye shi yaushe rabon da a zuba ruwa a gindin ƙarfen da aka kafa a ƙasa bayan gareji. Ya ce wane ƙarfe? Na ce ya ɗauki bokiti biyu ya zagaya, ina kan layi.