Arkwright: sunan da ya samo asali daga sassaƙar adaka

A garin Tawa na Nijar, yaro sunan mahaifinsa yake ɗauka, jika kuma ya ɗauki na nasa uban, shi ya sa sunan gida ke sauyawa daga tsatso zuwa tsatso. A Ingila ba haka ba ne. Tsakanin ƙarni na 13 da na 14 sunayen yawancin talakawa suka tsaya cak, ana gadonsu. Arkwright, wanda ake furtawa "Akrait", yana cikin waɗanda ba su da yawa, kuma cibiyarsa yankin Lancashire ce, arewa maso yammacin ƙasar.

Gaɓa biyu ne. "Ark" babbar adaka ce ta katako da ake zuba gari ko hatsi, kalmar kuwa daga Latin ta shigo. "Wright" mai ƙera abu ne da hannu. Kakan farko ke nan masassaƙin adaka ne.

Amma kada a ɗauka duk mai sunan ya taɓa riƙe gizago. Richard Arkwright, da aka haifa a Preston a 1732, da aski da haɗa gashin kanti ya fara neman abinci a Bolton. A 1769 ya yi rajistar injin kaɗin auduga, a 1771 ya kafa masana'anta a Cromford wadda ruwa ke juya injinanta, ya rasu a 1792. Sana'ar kaka ta daɗe da barin gidan, sunan ne ya zauna.

Mai son bin salsalar irin wannan suna ya faro daga kusa ya yi baya. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ta soma a Yulin 1837. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda aka wajabta ajiyewa tun 1538, ko da yake da dama na farkon sun ɓace.

Nan ne ake tuntuɓe. Magatakarda abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, don haka a nemi Arkright ma. A ƙidayar 1841 an rage shekarun manya zuwa biyar-biyar: mai 34 sai a sa masa 30. Kafin 1752 kuma sabuwar shekara a Ingila ran 25 ga Maris take kamawa, saboda haka jaririn da littafin coci ya ce an yi wa baftisma a Fabrairun 1731, a lissafinmu na yau 1732 ne.