Mai Share Jirgi Da Rigimar Wa Zai Riƙe Tasha

Sana'ata share cikin jirgin sama. Fasinjoji na gama fita yarana za su faɗa ciki, a kwashe shara, a goge tebura, a wanke banɗaki, a jera bel a kan kujeru. Jiragen araha ko rabin awa ba sa cikawa a ƙasa. Kamfanin jirgi ne ke biyana, amma ba shi ke buɗe mini ƙofa ba. Katin shiga, izinin kai mota gindin jirgi, ɗakin ajiye kaya, duk suna hannun mai filin jirgin. Don haka in gwamnati ta tashi maganar gasa a harkar filayen jiragen sama, da ni ake.

Gasa tsakanin fili da fili kam ina tare da ita. A Birtaniya kamfani ɗaya, BAA, ya yi babakere a kan filayen jiragen London na Heathrow da Gatwick da Stansted tun da gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1987. A 2009 hukumar kula da gasa ta ce sai ya rabu da wasu. Gatwick ya fita hannunsa a shekarar a kan kusan fam biliyan 1.5, filin Edinburgh, wanda shi ma nasa ne, a 2012, Stansted a 2013. Mai filin da ya san maƙwabcinsa na zawarcin jiragensa ba ya barci, kuma duk sabon jirgin da ya janyo aiki ne ga irina.

Raba tashoshin fili guda, wato gine-ginen da fasinjoji ke bi su shiga ko su fita daga jirgi, ga kamfanoni daban-daban, a nan nake ɗari-ɗari. A takarda abin da kyau: wannan ya tsauwala haya, ka koma wancan. Haka filin JFK na New York yake, hukumar tashoshin jiragen ruwa da filayen jirage ta New York da New Jersey ce ke riƙe da filin, tashoshin kuma kowace da mai gudanar da ita. To amma titin sauka na kowa ne, hasumiyar ba da umarni ma haka. A Janairun 2018, bayan dusar ƙanƙara, jirage sun yi sa'o'i a can da fasinjoji a ciki suna jiran wurin tsayawa, don kowace tasha ƙofofinta kawai ta sani.

Ga ƙaramin kamfani kuwa lissafin ya fi haka zafi. Kowace tasha da yarjejeniyarta, da inshorar da take nema, da horon da za ta tilasta wa ma'aikata. Babban kamfani zai ajiye mota da injin shara a ko'ina. Ni da nake juya 'yan kayana daga wannan jirgi zuwa wancan fa? Gasar da aka ce don mu aka yi, sai ta kore mu.

Dokar da ta fi burge ni ita ce ta Tarayyar Turai ta 1996 kan hidimar jirage a ƙasa. Filin da fasinjojinsa suka kai miliyan 2 a shekara dole ya buɗe wa 'yan waje, kuma ko a ayyuka irin su ɗaukar kaya da shan mai, inda aka yarda a taƙaita, ba za a gaza kamfani biyu ba. Ko wa aka ba tasha, a sa masa irin wannan sharaɗi, a kuma bar katin shiga guda ya yi aiki a duk faɗin filin.