Rokar ruwa a Maradi da abin da ke sa ta tashi a miƙe

Ƙera ƙananan rokoki da harba su don sha'awa ya samo asali ne a Amurka. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, shi ne ya ƙirƙiro ƙaramin injin albarushi da ake cusawa cikin roka ta kwali a 1954, sannan G. Harry Stine ya kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko. A lokacin samari da yawa suna jikkata wajen haɗa sinadarai da kansu a gida, shi ya sa aka ga ya fi kyau masana'anta ta yi injin, yaro kuma ya tsaya ga ƙera jikin roka. Kamfanin Estes, wanda aka kafa a 1958, ya fara yin injinan da yawa, kuma har yau da haruffa ake bambanta su: injin B ya ninka A ƙarfi, C ya ninka B, haka har gaba.

Irin waɗannan injina ba hajar kasuwar Maradi ba ce, kuma a halin tsaron da yankinmu yake ciki ba na ba kowa shawarar ya nemi haɗa albarushi ko wani abu mai kama wuta da sunan gwaji. Abin da ya dace da mu shi ne rokar ruwa, wadda ba ta bukatar komai sai gorar lemo ta roba, da famfon keke, da bawul na tsohon tayar babur da ake samu wurin mai faci, da kwali, da salatif. Wasu suna raina ta, suna ganin wasan yara ce, alhali ƙa'idar da take tashi da ita ita ce wadda Isaac Newton ya rubuta a 1687, cewa duk abin da ya tura wani abu baya, shi ma za a tura shi gaba da ƙarfi daidai da wancan.

Ana zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na gorar, wato rabin lita a gora mai lita ɗaya da rabi, a toshe bakinta da toshiyar da aka huda aka sa wa bawul, a kifa ta, sannan a yi ta buga iska. Da zarar an saki toshiyar, iskar da aka matse takan fesar da ruwan ƙasa cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma wannan nauyin da ake jefarwa baya ne yake cilla gorar sama. In ruwan ya yi yawa, gorar ta yi nauyi kuma iskar ta yi kaɗan. In ya yi kaɗan, ba abin jefarwa. Gorar lemo mai gas kaɗai ake amfani da ita, domin ita aka yi don jure matsi, kuma ni ba na wuce bar 5 a ma'aunin famfo, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 yana tausasa roba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, wanda kuma masu farawa suka fi sakaci da shi, shi ne daidaiton roka a cikin iska. Yawanci hankalinsu yana kan ƙara matsi, sai ka ga gorar ta tashi mita kaɗan ta shiga wulwulawa ta faɗo. Kowace roka tana da wurare biyu da ya kamata maƙerinta ya sani. Na farko shi ne cibiyar nauyi, inda za ka ɗora ta a kan yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Na biyu shi ne inda iskar da ke bugun gefenta take tattara ƙarfinta. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaban wurin nan na biyu, wajen kai, da tazarar da ta kai faɗin gorar sau ɗaya zuwa biyu, domin in rokar ta ɗan karkace, iska ta bugi bayanta ta mayar da ita kan hanya. Maharbanmu sun san wannan tun da daɗewa, tunda ƙarfen da ke kan kibiya shi ne yake jan kyauron a miƙe.

Hanyoyi biyu ake bi a sami wannan tazara. Ana yanko saman wata gorar a kifa shi ya zama kai, a liƙa ɗan yumɓu a can ƙurya don nauyi ya koma gaba, sannan a manna fikafikai uku ko huɗu na kwali mai ƙarfi a can baya, kusa da baki, duk girmansu ɗaya kuma a miƙe suke. Kafin a harba, akwai gwaji mai sauƙi: a ɗaura igiya daidai cibiyar nauyi, a riƙa juya rokar sama da kai. In ta sa kai gaba da kanta, ta yi. In tana tafiya a karkace ko da baya, sai a ƙara yumɓu ko a faɗaɗa fikafikai. Mai kwamfuta yana iya yin wannan lissafi da manhajar OpenRocket, wadda kyauta ce, amma igiyar ba ta bukatar wutar lantarki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da aka kwashe gero gonaki suka zama fili, da sassafe ko da la'asar sakaliya, domin iskar hunturu takan yi ƙarfi da hantsi ta kwashe rokar zuwa kudu maso yamma. A nisanci filin jirgin sama, da barikin soja, da wayoyin lantarki, a kuma sanar da mai unguwa ko mai gonar tukuna. Tiyon famfo ya zama mai tsawo, ƴan kallo su ja baya aƙalla mita 10, kuma kada kowa ya leƙa gorar da ke cike da iska ko da ta ƙi tashi.

Auna tsayin da ta kai ba ya da wuya ga ɗan lakwal da ya san kusurwa. Mutum ɗaya ya tsaya mita 50 daga wurin harbi da ma'aunin kusurwa wanda aka rataya wa zare da dutse. In ya hango ƙololuwar tashinta a digiri 45, to ta kai mita 50, in kuwa a digiri 30 ne, kusan mita 29. Gora ɗaya da aka daidaita sosai takan kai tsakanin waɗannan biyu ko ta ɗan wuce, yayin da wata tawaga ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta kai mita 830 da rokar ruwa a 2015, da jiki na musamman da matsi mai tsananin yawa. Aikin da nake kai yanzu shi ne laimar sauka ta leda: rokar albarushi tana da ɗan ƙarin albarushi da ke fitar da laimarta a kan lokaci, ta ruwa kuwa sai an sassauta kanta daidai yadda zai zauna a lokacin tashi, ya kuma zame da kansa sa'ad da ta juyo ƙasa.