Byang Kato da Masu Nazarinsa

Sau biyu na karanta littafin Byang Kato, masanin tauhidin Kirista ɗan Najeriya, mai suna Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975. A karo na farko ina ɗalibi, kuma kwafin da na aro ya sha hannu har bangonsa ya ɓare, wani da ya riga ni karantawa ya bi gefen shafukan da fensir yana rubuta cewa tsaurin ya yi yawa. A lokacin na yarda da shi, amma da na sake komawa kan littafin kwanan nan, sai na ga kamar mun yi wa bawan Allahn nan gaggawar hukunci.

An haifi Kato a 1936 a ƙasar Jaba, wajen Kwoi a kudancin Kaduna ta yau. Ya yi karatu a Igbaja da Landan, sannan ya sami digirin digirgir a Dallas ta Amurka. Ya riƙe muƙamin babban sakataren ikilisiyar ECWA, daga baya a 1973 ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedikwata a Nairobi. Ruwan teku ya ci shi a gaɓar Mombasa a watan Disamban 1975, yana da shekara 39 kacal.

Damuwarsa ita ce cakuɗa bishara da addinin gargajiya, da kuma koyarwar da ke nuna kowa zai sami ceto ta kowace hanya ya bi. Saboda haka ya soki masanan tauhidi John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya, waɗanda yake ganin koyarwarsu ta karkata can, kuma gaskiya ne a wasu wurare ya zafafa fiye da yadda maganganunsu suka cancanta. Masanin tauhidi ɗan Ghana, Kwame Bediako, a littafinsa na 1992, ya kwatanta shi a matsayin wanda ya yanke alaƙa tsakanin bangaskiyar Kirista da gadon Afirka, kuma ɗalibai da yawa ta wannan madubin suka fara ganinsa.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne bayaninsa kan addinin Jaba. Kato ya taso a cikin wannan addini, ya san tsafinsa da tsoron da ke tattare da shi. Bai musanta cewa mutanensa sun san Nom, wato Ubangiji Maɗaukaki, ba. Abin da ya ce shi ne wannan sanin bai isa ya kai mutum ga ceto ba sai ta wurin Almasihu. Ana iya jayayya da shi, amma magana ce ta ɗan gida. Ya kuma dage cewa Kiristanci addinin Afirka ne, yana kafa hujja da tsoffin ikilisiyoyin Masar da Habasha da Arewacin Afirka.

Burinsa na kafa manyan makarantun tauhidi ya cika bayan rasuwarsa, aka buɗe ɗaya a Bangui ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 1977, wata a Nairobi a 1983. A irin waɗannan azuzuwa ne yanzu ake zaunar da shi tare da Mbiti da Bediako, muhawarar da ajali bai bar shi ya ci gaba da ita da bakinsa ba.