Abin da zanen mutum-mutumin goshin jirgi ya koya mini

A darasin zane, abin da ya fi daɗewa a raina shi ne wani zane na fensir da fentin ruwa daga tarin Index of American Design. Gwamnatin Amurka ce ta ɗauki masu zane marasa aikin yi tsakanin 1935 da 1942, lokacin karayar tattalin arziki, suka zana kayan hannu na gargajiyar ƙasar. Zanen ya haura 18,000, yau suna ajiye a National Gallery of Art da ke Washinton. Cikinsu akwai mutum-mutumin da ake sassaƙawa a kafa a goshin jirgin ruwa mai tafiya da iska, sana'ar da ta mutu bayan jiragen ƙarfe masu inji sun karɓe teku.

Wanda na yi nazari a kai mace ce, ƙirji gaba, kai sama, riga ta koma baya kamar iska na kaɗa ta. Wannan karkatar ba ado ba ce kawai. Ƙarƙashin sandar da ke fitowa daga goshin jirgi take zama, dole jikinta ya bi lanƙwasar wurin.

Darasin da na ɗauka shi ne mai zanen bai zana mace ba, katako ya zana. Tsagar da ta ratsa kafaɗa tana nan, inda fenti ya ɓare yana nan, har sawun kurfin masassaƙi a ninkin riga. Hannu kan so ya gyara, ya shafe tabo, ya sa wa kumatu jini. Shi kuwa ya hana hannunsa. A ganina nan gwanintar take, domin wanda zai duba takardar bayan shekara 80 yana bukatar sanin halin da itacen yake ciki.

Fentin ruwa kuma ba ya yafiya. Fensir ake fara sawa a hankali, sannan launi mai haske, a jira ya bushe, a ƙara mai duhu. Fari yawanci takardar ce da kanta, don haka tun kafin burushi ya jiƙe sai ka san inda ba za ka taɓa ba. Hoton kyamara na wancan zamani galibi baƙi da fari ne, mai launi kuwa ga tsada ga koɗewa, shi ya sa aka jingina aikin ga masu burushi.