Jarka, gawayi da tsakar gidanmu

Abun da ya sa na fara wannan tirenin ɗin na ƙara saurin gudu a gida abun kunya ne gaskiya. Wani yaro ne da bai fi shekara 17 ba ya wuce ni a filin unguwarmu, aka jefo dogon fasin ina gabanshi da kusan taku biyar amma kafin in kai hannu ko rigarshi ban taɓa ba, ya ci ƙwallo ya juyo yana cewa yi haƙuri Yaya. Wallahi wannan yi haƙurin ya fi cin ƙwallon ciwo.

Da farko na yi abun da kowa ke yi, bayan sallar asuba in ɗau takalmi in kama titi ina sassarfa kusan awa guda, na yi wata biyu a haka, numfashi ya ƙaru, tumbi ya ɗan sauka, amma gudun nan yana nan inda yake. Ashe dogon gudu juriya yake ba ka, shi kuma tsere na mita 20 ko 30 da ɗan ƙwallo yake buƙata magana ce ta ƙarfin da ƙafarka take dukan ƙasa da shi da kuma saurin ɗagowarta. Manyan 'yan tsere ƙafarsu ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa ba. Usain Bolt da ya yi sakan 9.58 a Balin a 2009 taku 41 kacal ya yi a mita 100, ba wai ya fi sauran saurin jefa ƙafa ba ne, kowane taku nashi ne ya fi nasu nisa. Ko a ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Aisilan a 2018, ku sake kallo ku ga yadda ya bar mai tsaron baya a 'yan takun farko.

To ni ba ni da kuɗin jim, dan haka na duba me ke gida. Jarkar ruwa mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce da ɗoriya, ita nake rungumewa a ƙirji in tsugunna in tashi sau takwas, in huta, in sake har zagaye huɗu. Ruwan yana kai-kawo a ciki yana neman kada kai, dole ka ɗaure ciki, wannan ma riba ce. Sai na ƙafa ɗaya, in ɗora ɗayar a kan benci ta baya in sauka a hankali, nan ne na gane ƙafata ta hagu ragguwa ce ta gaske, rawa kawai take yi. Sai tsallen kwaɗo, wanda a makaranta horo ne ake ba mu in mun makara, yau ga ni ina yi da kaina ba mai riƙe da bulala. Amma guda biyar masu nisa nake yi in tsaya, ba irin na makaranta da sai gwiwa ta mutu ba.

Na zana tsani da gawayi a simintin tsakar gida, gida goma, ina shiga ina fita da sauri a kan yatsu, gaba, gefe, baya. Gaskiya wannan ya fi gyara min juyi da kaucewa, ban ga ya ƙara min gudun miƙe sosai ba duk da yadda ake zuzuta shi a YouTube. Na kuma gwada hawa da sauka a kan turmi da na kife, Umma ta leƙo ta ce kai, turmin nawa ka mayar matakala? Daga ranar na koma bulo.

Wanda ya fi wuya shi ne na bayan cinya, in durƙusa a kan tabarma ƙanina ya danne min idon sawu in tafi gaba a hankali har in kasa riƙe kaina in tare da hannu. Ranar farko uku na yi, kwana biyu ko ruku'u sai da dabara. Amma naman bayan cinyar nan shi ne yake yawan tsinkewa mutum in ya fizgi gudu, shi ya sa ban bari ba.

Kuskuren da na yi a sati na biyu zumuɗi ne, kullum nake yi ba hutu har ƙaurina ya fara zafi, dole na dawo sau uku a sati. Ranar Asabar kuma sai in fita layin bayan gidanmu in yi gudun mita 30 iya ƙarfina sau shida, tsakanin kowanne in huta minti biyu ko uku, dan in ka yi shi a gajiye juriya kake koyo ba sauri ba.

Yanzu sati goma kenan. Yaron nan har yanzu yana wuce ni, shekara 17 ba wasa ba ce, amma ranar Lahadi na cim mishi a bakin layi na fitar da ƙwallon kwana, kuma wannan karon bai ce min komai ba.